Asusun Masu Taɓin Hankali: Yaushe Kuɗin Zai Iso Zungur?

A farkon watan Janairu na shekarar 2023 aka ba da sanarwa cewa Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan Dokar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Da wannan sa hannu aka binne tsohuwar Dokar Mahaukata ta 1958, wadda ita kanta 'yar wata doka ce da Turawan mulki suka kafa tun 1916. Tsohuwar dokar tsarewa kawai ta sani: likita ya shaida, majistare ya sa hannu, a kulle mutum, shi ke nan gari ya huta da fitina. Sabuwar kuwa ta ce mai taɓin hankali majiyyaci ne kamar kowane majiyyaci, yana da haƙƙin a yi masa magani, a nemi yardarsa, kada a wulaƙanta shi, kada kuma a hana shi aiki ko muhalli saboda lalurarsa. Bayan wannan ta umarci a kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ta kuma tanadi wani Asusu wanda za a riƙa zuba kuɗi a ciki domin gudanar da wannan aiki.

Asusun nan shi ne abin da nake so mu duba a filinmu na wannan mako, tare da sauran hanyoyin da kuɗin gwamnati kan bi kafin su isa wurin mai ciwo. Ma'aunin da zan ɗauka kuwa shi ne gundumar Zungur ta Ƙaramar Hukumar Bauci. Na zaɓe ta ne da gangan. Zungur ba ƙauyen ƙayau ba ce da za a ce nisa ya hana hukuma zuwa. Tana cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Gidan Gwamnati, da Majalisar Dokoki, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. In har kuɗin kula da masu taɓin hankali bai kai ɗakin shan magani na Liman Katagum ba, to kada ma a tambayi halin da ake ciki a Zaki ko Dambam ko Bogoro. Ga kuma wani dalili. Sunan Zungur ya shiga tarihin ƙasar nan ne ta hanyar Malam Sa'adu Zungur, Allah ya ji ƙansa, wanda mutane da yawa suka sani da waƙa da siyasa, suka manta ma'aikacin lafiya ne tun farko, har ya koyar da aikin tsabta a Zariya. Ya rasu a 1958, watau shekarar da tsohuwar dokar nan take ɗauke da ita a goshinta.

To, ina kuɗin yake tafiya? A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ta fitar da rahoton wani bincike a kan wannan fanni a Nijeriya. Rahoton ya nuna cewa kashi 3.3 cikin 100 na kasafin lafiya na Gwamnatin Tarayya ne ke zuwa ga ciwon ƙwaƙwalwa, kuma a cikin wannan ɗan kason, fiye da kashi 90 cikin 100 manyan asibitocin masu taɓin hankali ne ke cinye shi. Waɗannan asibitoci kuwa ana iya ƙirga su da yatsu: Yaba, da Aro ta Abekuta, da Binin, da Inugu, da Kalaba, sa'an nan a Arewa ga Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma Dawanau ta Kano wadda sunanta ya zama abin zolaya a bakin yara. Duk Arewa maso Gabas, na Maiduguri ne aka daɗe ana dogara da shi, kuma tsakaninsa da Bauci ya haura kilomita 400. Ƙwararrun likitocin wannan fanni a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba, bisa ga abin da ƙungiyarsu ta sha faɗa, kuma kullum ana ta ɗebe su zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada. Jihar Bauci kaɗai, a ƙidayar 2006, tana da mutum fiye da miliyan huɗu da rabi.

Ba ina cewa a rufe manyan asibitoci ba ne. Akwai majiyyacin da in ciwonsa ya tashi ba abin da zai yi masa sai gado da ƙwararre, kuma a can ne ake horar da likitoci da nas-nas. Abin da nake cewa shi ne, tsarin rabon kuɗin ya ɗauka ciwon hauka kamar karaya ne: a kai mutum asibiti, a ɗaure, ya warke, ya koma gida. Alhali kuwa yawancin manyan cututtukan ƙwaƙwalwa sun fi kama da hawan jini ko ciwon sukari. Magani yana kwantar da su, mutum ya koma gonarsa ko shagonsa, ya yi aure, ya riƙe iyali, amma da sharaɗin kada maganin ya yanke. A nan ne gizo yake saƙar.

Mai karatu ya ɗauki misalin magidanci a wani ƙauye na Zungur, wanda ɗansa saurayi ya fara magana shi kaɗai, ya daina barci, yana jin muryoyin da babu mai ji sai shi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin mai ruƙiyya, daga bisani wani ya ba da shawara a gwada asibiti. Uban ya sayar da akuya, aka ɗauki shatar mota, domin direban haya ba zai ɗauki mai fisge-fisge cikin fasinja ba. Aka ga likita a birni, aka rubuta magani, cikin 'yan makonni yaro ya dawo hayyacinsa, gida ya yi murna. Sai aka ce a dawo bayan wata guda. Watan farko aka koma, na biyu aka koma, na uku ya faɗo daidai lokacin noman fari, babu kuɗin mota, babu mai rakiya, ga shi kuwa yaro ya ji sauƙi. Aka bari. Bayan wata biyu ciwo ya dawo, ya ma fi na da. A wannan karon babu akuyar sayarwa, sai dai a nemo sarƙa a wurin maƙeri. Abin da maƙwabta za su ce kuwa shi ne, ai an kai shi asibiti bai yi ba, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ta haka magani mai aiki yake samun baƙin suna a gari guda, saboda kuɗin mota.

Abin takaici a nan shi ne magungunan ba sababbi ba ne, ba kuma masu tsada ba ne a asalinsu. Ƙwayar Largactil tun 1952 aka fara amfani da ita a Faransa. Akwai halofaridol, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum, akwai amitiriftilin na ciwon damuwa mai tsanani, akwai fenobabiton na farfaɗiya, kuma dukansu suna cikin jerin muhimman magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Gaskiya ne tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo a kowane kemis. Duk da haka, ga iyalin da ke ƙauye, sau da yawa tafiyar ta fi ƙwayar ciwo a aljihu.

Game da sarƙa kuwa, kowa ya tuna abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, da yawansu da mari a ƙafa, aka kuma sake samun irinsa a Daura a wata mai bi masa. Ƙasa ta ɗauki ɗumi, aka rufe gidaje da dama. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ɗaure majiyyata bai tsaya ga gidajen mari ba, ana yinsa a wasu majami'u, da cibiyoyin gyaran hali, har da wasu wuraren gwamnati. An hukunta masu gidaje a bakin duniya, kuma sun cancanci haka inda suka yi zalunci. Amma tambayar da ba a amsa ba ita ce, su iyayen da suka kai 'ya'yansu can da ƙafarsu, har suna biyan kuɗi, ina aka tanadar musu su kai su? An rufe ƙofa ɗaya ba a buɗe wata ba, sai turun ya koma ƙuryar ɗaki a bayan gida, inda ɗan sanda ba ya gani, ɗan jarida ma ba ya gani.

Maganin wannan ba sai an je ƙasar waje an aro shi ba, domin a ƙasar nan aka fara gwada shi duniya ta zo ta koya. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon ya kulle majiyyata a bayan katanga, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowane majiyyaci tare da ɗan'uwansa mai jinya, da safe su zo asibiti a duba su, da yamma su koma cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya jiki, domin ya gane su ne mutane suka yarda da su. Lambo ya kai matsayin Mataimakin Babban Darekta na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ita kuwa gwamnatinmu, a 1991, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, ta zartar cewa lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce rukuni na tara na kiwon lafiya matakin farko, watau aikin asibitin sha-ka-tafi na unguwa da ƙauye. An sake sabunta manufar a 2013, aka kuma sake a 2023. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ana maimaita magana ɗaya a takarda. Wanda ke shakka ya shiga ɗakin shan magani mafi kusa da shi, ya tambayi malamin asibitin ko an taɓa koya masa abin da zai yi in an kawo masa matar da ta ruɗe bayan haihuwa, ya kuma leƙa kantar magani ya gani.

Akwai masu cewa wannan aiki ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikacin lafiya, kuma maganarsu tana da nauyi. Sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne a cibiya, su ne masu awon ciki, su ne masu rigakafi, su ne masu karɓar haihuwa da tsakar dare, sa'an nan a ce a ɗora musu wani kaya. Ga tsoron kada wanda bai ƙware ba ya ɗura wa mai zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa maganin hauka, ko ya ba da ƙwaya fiye da ƙima har wuyan majiyyaci ya sandare. Wannan tsoro ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, wanda ke nuna wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane ciwo, da abin da zai iya yi da kansa, da lokacin da lalle ne ya tura majiyyaci gaba. An daidaita littafin da yanayin Nijeriya a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, aka gwada shi a Jihar Osun. A Borno, tun daga 2017, ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri sun riƙa fita zuwa ƙananan cibiyoyi da sansanonin 'yan gudun hijira suna duba majiyyata a inda suke. A Binuwai kuwa Cocin Methodist da wata ƙungiyar agaji ne suka haɗa kai da ƙananan hukumomi, aka ajiye nas masu horon ƙwaƙwalwa a asibitocin karkara. Sai dai mai karatu zai lura cewa a misalan nan biyu na ƙarshe hannun baƙi ne ya fi yawa a cikin kuɗin. Wanda kuwa ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da maƙwabcin ya yi tafiya da yunwa zai kwana.

Shi Farfesa Gureje ya ƙara da wani gwaji wanda ya kamata malamanmu da sarakunanmu su ji labarinsa. A Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana aka haɗa ma'aikatan lafiya na matakin farko da masu maganin gargajiya da masu addu'a, ma'aikacin ya riƙa ziyartar majiyyata a gidan mai maganin yana ba da ƙwaya da shawara. Sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa haɗin guiwar sun fi samun sauƙi. A ƙasarmu ta Hausa ba wanda zai hana uwa neman addu'a ga ɗanta, kuma babu dalilin hana ta. Abin da ake bukata shi ne malamin da ke ruƙiyya ya san ranar da nas take zuwa Liman Katagum, ya ce wa iyaye, ku ci gaba da addu'a, amma ran Talata ku kai shi a duba shi.

Yanzu sai maganar inda kuɗi zai fito, kuma a nan ba na jin uzurin babu yana da ƙarfi kamar yadda ake nunawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, Naira biliyan 55 da 'yan kai. Wani kaso na wannan asusu kai tsaye yake shiga asusun bankin cibiyoyin lafiya na mazaɓu, domin magani da gyare-gyare da ɗawainiyar yau da kullum. An fi ba da ƙarfinsa ga haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da haka. Amma bututun ya riga ya isa ƙauye, abin da ya rage shi ne a zuba rukuni na tara a cikinsa. Dokar Inshorar Lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, ta kuma ambaci masu lalurar ƙwaƙwalwa a cikin waɗanda ya shafa. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, su ne kuwa asibitin sha-ka-tafi yake ƙofar gidansu. Jihar Bauci da kanta tana da hukumar kiwon lafiya matakin farko, da hukumar taimakekeniyar lafiya, da hukumar sayen magunguna. Tun 2001 kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya.

Abin da Zungur take bukata daga cikin waɗannan duka bai taka kara ya karya ba, in aka kwatanta da kuɗin gini guda. A horar da ma'aikata biyu a kowace cibiya, kuma kada a yi horon kwana uku a otal a raba alawus a watse. A sa nas mai horon ƙwaƙwalwa daga birni ta riƙa zagayawa a ranar da kowa ya sani, da babur ko mota da man da ba ya yankewa, tana duba masu wuya, tana gyara wa ma'aikatan kuskure. A ajiye magungunan nan huɗu ko biyar a kanta, a rubuta sunan kowane majiyyaci a littafi, wanda bai zo karɓar maganinsa ba a aika mai unguwa ya ji dalili. Man babur da littafin rajista ba abin da ake yanka ƙyalle a kansu ba ne, ba a kuma kafa musu allo da sunan mai girma, ina jin shi ya sa ba su da farin jini wurin masu tsara kasafi. Su ma waɗanda suka tuna Shirin Bamako na 1987, da asusun magani mai juyawa da ya zo da shi, sun san yadda jarin ya narke a wurare da yawa don rashin mai sa ido. Saboda haka kwamitin ci gaban mazaɓa, da hakimi da dagatai, su ma suna da aikin ƙirga kwalaye.

Bukatar kuwa ƙaruwa take yi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. An hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma taramol da tabar wiwi ba su bar majalisun samarinmu ba. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi tana kamawa, kotu tana ɗaurewa, yaron ya fito ya tarar babu inda zai je a taimake shi ya daina. Ga kuma matan da baƙin ciki ya danne bayan haihuwa ana ce musu raki ne, da masu farfaɗiyar da aka cire daga makaranta don tsoron kada yawunsu ya taɓa wani, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta.

A watan Agusta na 2023 aka naɗa Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ta Jihar Bauci, Ministan Lafiya, kuma shi ne ya shugabanci hukumar kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa daga 2008 zuwa 2011. Saboda haka ba za a ce Abuja ba ta taɓa samun wanda ya san ƙauyen Bauci ba. Amma dokar Tarayya ba ta sayen ƙwaya a asibitin jiha. Legas ta gane haka, ta yi tata dokar tun kafin ta Tarayya ta fito. Kowace shekara Gwamna kan kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokokin Jiha, kwamitin lafiya ya zauna, Kwamishina da shugabannin hukumomi su zo su kāre abin da suka nema. Mutanen Zungur suna da wakili a wannan zaure, mai riƙe da kujerar Zungur da Galambi. Ina roƙonsa, idan zaman ya zo, ya buɗe shafin hukumar kiwon lafiya matakin farko, ya nemi a nuna masa layin da aka rubuta lafiyar ƙwaƙwalwa da adadin da ke gabansa, sa'an nan ya tambayi nawa aka saki daga na bara, da sunayen cibiyoyin da suka karɓa.